Wa ya kamata ya duba hatsi kafin ya hau jirgi, gwamnati ko kamfani?

Mai Sikeli:
Salam jama'a. Maganar da aka fara jiya da daddare ta ɓace cikin gaishe-gaishe, shi ne nace bari in buɗe mata waje nata. Tambayar ita ce, idan ɗan kasuwa zai fitar da hatsi ƙasar waje, masara ce ko alkama ko wake ko riɗi, meye ruwan gwamnati da sai ta duba kayan ta buga hatimi? Mai saye da mai sayarwa sun daidaita, kowa da hankalinsa kowa da kuɗinsa. Alhaji Dillali yace shisshigi ne kawai da neman na goro, ni kuma ina ganin abin ya wuce haka. A yi magana da hujja dan Allah, banda zagi banda tallan data.

Alhaji Dillali:
Wa alaikumus salam. Ni har yanzu ina kan bakana. Duk wanda ya taɓa yin kwantiragi da mai saye na waje ya san ba hatimin gwamnati yake kallo ba, a cikin yarjejeniyar zai rubuta maka sunan kamfanin da ya yarda da shi, SGS ne ko Intertek ko Bureau Veritas, su za su zo su ɗebi samfur su auna laima su auna datti su ba da satifiket, banki ma da wannan takardar yake sakin kuɗi. To in haka ne jami'in gwamnati me ya zo yi? ya zo ne ya ƙara maka kwanaki, kwantena na zaune a tasha kuɗin ajiya na hawa kullum kai kuma kana bin ofis ofis.

Ɗan Kiliyarin:
Ranka ya daɗe Alhaji ka haɗa takardu biyu ne wuri ɗaya. Akwai takardar inganci, wannan tsakaninka ne da mai saye, a nan kam kamfani zai iya. Amma akwai takardar lafiyar tsirrai, wadda ke shaida cewa babu ƙwaro ko cuta ko irin wata muguwar ciyawa a cikin kayan da za ta je ta addabi gonakin ƙasar da aka kai, wannan tsakanin ƙasa da ƙasa ce, tun yarjejeniyar kare tsirrai ta duniya ta 1951 hukumar gwamnati ce kaɗai ke da ikon bayar da ita. Ko nawa za ka biya kamfani ba zai iya buga maka ita ba, kuma in babu ita kwastan ɗin can ko buɗe kwantenar ba za su bari a yi ba.

Alhaji Dillali:
Na ji, wannan ɗaya kenan. Su tsaya a kan ƙwari su bar mana sauran.

Anti Mai Gwaji:
Alhaji ai sauran ne ma inda matsalar take. Ku tuna abin da ya faru da waken Najeriya. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga ƙasar baki ɗaya, dalili kuwa maganin ƙwari ne, diklobos, sinadarin nan da ke cikin fiya-fiya. Ƙa'idarsu ita ce kada ya wuce miligiram 0.01 a kowane kilo, abin da suka riƙa samu ya kama daga 0.03 har zuwa 4.6, ku lissafa da kanku ninki nawa kenan. Kuma ba dare ɗaya suka yanke ba, tun daga farkon 2013 sun fitar da gargaɗi sama da 50 a kan waken. Da farko shekara ɗaya suka ce, 2016 aka ƙara shekara uku, 2019 aka sake ƙarawa. Abin da nake so ku lura da shi, ba su ce wane da wane ne suka yi laifi mun hana su ba, ƙasa suka rufe wa ƙofa, wanda bai taɓa zuba ko ɗigo ɗaya a buhunsa ba shi ma ya shiga ciki. Kamfanin da ka ɗauka kayanka kawai yake dubawa, babu ruwansa da abin da maƙwabcinka ya loda a kwantenar da ke gefen taka, amma sunan ƙasa ɗaya ne a jikin takardunku ku biyun.

Sarkin Barkwanci:
Wato dai wake ɗaya shi ke ɓata gari, wannan karon kuma waken ne da kansa 😂

Alhaji Dillali:
Anti da girmanki, ai hujjata kika ƙarfafa. Lokacin da wannan waken ke fita babu hukumomi ne? akwai ta kula da tsirrai akwai ta abinci da magunguna akwai ta duba amfanin gona, duk suna nan da ofisoshinsu da motocinsu kuma ya wuce. To amfanin me suka yi

Anti Mai Gwaji:
Wannan yana nuna ba a yi aikin yadda ya kamata ba ne, ba wai aikin ne ba shi da amfani ba. Da yawa ma ta bayan fage kayan ke fita babu wanda ya gwada.

Ɗalibin Noma:
Bari in sa baki duk da ni ƙarami ne a nan. Tsarin da Alhaji yake so an taɓa gwada shi, kuma a Amurka ma. Suna da dokar ma'aunin hatsi tun 1916, amma dubawar kanta masu zaman kansu ne ke yi da lasisin gwamnati, wasunsu ma 'yan kasuwar hatsin ne ke da hannu a cikin hukumomin da suke wa aiki. A tsakiyar shekarun 1970 asiri ya tonu a tashar New Orleans, ana ba masu dubawa cin hanci su rubuta daraja ta sama a kan kayan banza, ana tauye awo, jirgi ya tashi da ƙasa da abin da aka rubuta, har da jiragen da ba a tsabtace cikinsu ba ana ba su shaidar tsabta. Masu saye a Turai da sauran wurare suka fara ƙorafi, aka gurfanar da mutane da manyan kamfanoni a kotu. Shi ne a 1976 majalisarsu ta kafa hukumar tarayya ta duba hatsi, FGIS, daga nan hatsin da zai fita ta tashoshinsu sai jami'in tarayya ko na jihar da aka ba izini ya duba shi ya auna shi. Ƙananan masu fitarwa da ba su kai tan 15,000 a shekara ba ne aka ɗaga wa ƙafa. Ƙasar da ta fi kowa son a bar kasuwa ta yi halinta kenan fa, amma a wannan wajen ba ta yarda ba.

Alhaji Dillali:
Yaro ka yi karatu madalla. Amma amsa min wannan, ɗan kamfani ya karɓi cin hanci an kawo ɗan gwamnati, shi ɗan gwamnatin mala'ika ne? wa zai duba shi

Ɗalibin Noma:
Ba mala'ika ba ne Baba, bambancin wa ya zaɓe shi kuma wa ke iya korarsa. In kai ka ɗauki mai duba kai ke biyansa, ranar da ya ƙi kayanka gobe ka canza wani, shi ma ya sani, to sai ya riƙa sassautawa ko ba ka ce masa komai ba.

Ɗan Kiliyarin:
Nan ne gaskiyar take. Kuma ba wai kyauta ake yi a can ba, mai kaya ne ke biyan kuɗin dubawar, amma asusun hukuma kuɗin ke shiga ba aljihun wanda ya zo da na'ura ba, kuma ba kai ke zaɓar wanda za a turo maka ba. Sannan ana ajiye wani ɓangare na samfurin, in ba ka yarda da sakamako ba ka ɗaukaka ƙara a sake gwadawa a sama, in aka ga mai dubawa kullum sakamakonsa na saɓawa da na sama shi ma zai amsa tambaya. Ni abin da ya fi burge ni shi ne darajar a rubuce take kowa na iya karantawa. Masara lamba 1 lalatattun ƙwayoyi kada su wuce kashi 3 cikin ɗari, fasassu da datti kada su wuce kashi 2. Lamba 2 kuma kashi 5 da kashi 3. Haka har lamba 5. Mutum yana zaune a Japan zai sayi jirgi guda na masara lamba 2 bai ga ko ƙwaya ɗaya ba, ya san abin da zai iso. Wannan yardar ita ce ake sayarwa tare da masarar, kuma ba ɗan kasuwa ɗaya ne ya gina ta ba balle ya ce tasa ce.

Sarkin Barkwanci:
Jirgi guda ba ka gani ba?? ni buhu ɗaya ma sai na zura hannu har gwiwar hannu

Ustaz Na Gefe:
Ai zura hannun nan asali gare shi. Ya zo a Sahihu Muslim Manzon Allah SAW ya wuce wani tarin abinci a kasuwa ya sa hannunsa ciki sai yatsunsa suka taɓa laima, ya tambayi mai shi, yace ruwan sama ne ya taɓa shi, sai yace masa me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Ku duba, shugaba ne da kansa ya duba kayan, kuma bai tsaya a saman tarin ba. Daga baya a daulolin Musulunci aka riƙa naɗa muhtasibi yana zaga kasuwa yana duba mudu da sikeli. Don haka Alhaji batun wai hukuma ba ta da hurumi ni dai ban gan shi ba, sai dai a yi maganar yadda za ta yi shi da adalci.

Anti Mai Gwaji:
Jazakallah Malam, ka kawo ni inda nake so. Mutane na ɗauka gwaji shi ne abin da muke yi a lab da farar riga, wallahi yawancin kuskuren tun wajen ɗibar samfur aka gama shi. Ɗauki aflatoksin, gubar da funfuna ke haifarwa a masara da gyaɗa. Ba ta bazuwa daidai a cikin kaya, za ka ga ƙwayoyi kaɗan ne a wani lungu suka ɗauke ta da yawan gaske sauran lafiya lau. In ka soka ƙarfe a buhu biyar na bakin ƙofa ka kawo min zan gwada in ce maka babu komai, kuma ban yi ƙarya ba, abin da ka kawo min ne babu. Shi ya sa a dokar Turai babban lodi na hatsi sai an ɗiba daga wuri 100 daban daban a haɗa kilo 10 a niƙe gaba ɗaya sannan a ɗauki ɗan abin da za a gwada. Yanzu ku faɗa min, mai ɗibar samfurin da aka tsayar a rana, mai kaya na tsaye a kansa yana nuna masa buhunan da zai soka, lebura sun ƙi sauke na ciki don ba a biya su ba, wuri 100 zai ɗiba? Na taɓa ganin samfurin da aka kawo a leda an tsince shi tas kamar za a kai gasa, ko ƙaiƙayi ɗaya babu, kana gani ka san ba daga kwantena ya fito ba, daga faranti ya fito.

Mai Sikeli:
Anti nawa ne iyakar aflatoksin ɗin ma?

Anti Mai Gwaji:
Ya danganta da inda za ka kai. Turai kashi 4 cikin biliyan ne jimilla ga hatsin da mutum zai ci kai tsaye, Amurka 20. Kaya ɗaya zai wuce a nan a ƙi shi a can. Kuma dafuwa ba ta kashe ta, ido ma ba kullum yake gani ba. An gano ta ne ma bayan 1960 lokacin da talotalo sama da 100,000 suka mutu a Ingila, aka bi sawu aka tarar ƙuliƙulin gyaɗar da aka shigo da shi daga Brazil ne a cikin abincinsu.

Hajiya Mai Riɗi:
Ina ta karatu ban ce komai ba, amma akwai gefen da kuka bari. Wannan ƙa'idojin ba kullum don lafiya ake yinsu ba, wani lokacin sanda ce. A Disambar 2018 Kanada ta kama babbar jami'ar kamfanin Huawei na Chana a Vancouver, watan Maris na 2019 sai ga Chana ta ce ta ga ƙwari a cikin kanolar (irin da ake matse mai daga gare shi) manyan kamfanonin Kanada ta soke musu izini, Kanada ta ce ita masu dubawarta ba su ga komai ba, ba a janye ba sai 2022. Kowa ya yi nasa lissafin. Masar kuma a 2016 suka tashi suka ce alkamar da za a kawo musu kada a samu ko ɗigon cutar ergot, alhali abin da duniya ta saba a kai kashi 0.05 cikin ɗari ne, suka mayar da jirage har da na Faransa, 'yan kasuwa suka ƙi shiga tayinsu, ƙasar da ke sahun gaba a sayen alkama a duniya ta rasa mai sayar mata, a watan Satumba dole suka koma kan 0.05 ɗin. To ina lafiya a nan, hukumomin ƙasa ɗaya ne ma bakinsu bai haɗu ba.

Alhaji Dillali:
Yauwa Hajiya Allah ya biya ki. Abin da nake faɗa kenan, duk inda gwamnati ta sa hannu siyasa ta shiga.

Hajiya Mai Riɗi:
A'a Alhaji kar ka ja ni ɓangarenka 😄 ni akasin haka nake nufi. In wata ƙasa ta yi maka irin wannan wa zai tsaya maka? kamfanin dubawa zai kai ƙara WTO ne, wato ƙungiyar cinikayya ta duniya? Yarjejeniyar WTO ɗin da ta fara aiki a 1995 ta ce ƙasa na iya tsaurara ƙa'idarta fiye da ta Codex, wato ma'aunin abinci na duniya, amma sai ta kawo hujjar kimiyya, to mai cewa kawo hujjar dole gwamnati ce, kuma sai tana da nata lab da nata bayanan da za ta ajiye a tebur. Ƙasar da ba ta gwada kayanta ba ta da bakin musu, duk abin da aka ce an gani sai dai ta ce to. Sannan ba kullum sharri ake yi ba, riɗin Indiya da Beljiyam ta gano sinadarin etilin oksaid a ciki a Satumbar 2020 gaskiya ne akwai shi, kayayyaki dubbai aka kwashe daga kantunan Turai, biskit da burodi da duk abin da riɗin ya shiga, daga nan aka tsaurara wa duk mai kawo riɗi daga Indiya.

Baba Manomi:
Ku duk maganar jirgi kuke yi. Mu da muke noma abin fa? duk abin da aka ƙi a tasha kanmu yake dawowa, dillali ya zo yace kayanka da laima ya rage kuɗi, da me ya auna, da haƙori. Kai ba ka da yadda za ka musa.

Ɗalibin Noma:
Baba wannan ma akwai inda doka ta taɓa shi. A Kanada dokar hatsi ta 1912 koken manoma ne ya haifar da ita, suna zargin masu rumbunan saye da danne musu daraja da awo. Har yau in manomi ya kai kaya rumbu mai lasisi bai yarda da darajar da aka ba shi ba ko yawan dattin da aka cire masa, yana da haƙƙin cewa a aika samfur hukumar hatsi ta ƙasa, hedikwatarta na Winnipeg, abin da ta yanke ya hau kan kowa har mai rumbun. Hukumar da ke ba jirgi takardar ƙarshe ita ce kuma ke raba gardamar manomi da mai saye.

Baba Manomi:
To wannan shi ne magana. In dubawar za ta fara daga inda nake sayarwa ina so, in kuma sai a bakin teku ne ni ban ga abin da ta tsinana min ba.

Anti Mai Gwaji:
Baba ka faɗi abin da ya fi komai. A bakin teku an riga an makara, mai dubawa ba ya gyara kaya, ƙi kawai zai yi ko ya bari. Gubar tun a gona take farawa ko a shanya a ƙasa ko a sito, masara in za ta daɗe a ajiye laimarta ta sauka wajen kashi 13, in an ɗura ta a buhu da ɗanyenta shikenan. Fiya-fiyar ma ai ba mugunta ce ke sa mutane zubawa ba, tsoron ƙwaro ne ya cinye musu jari, alhali buhun PICS mai leda biyu a ciki da jami'ar Purdue ta ƙirƙiro yana kashe ƙwaron ba magani, iska kawai yake hana shi. Akwai kuma Aflasafe na cibiyar binciken noma ta IITA, mai rage aflatoksin, da ake watsawa a gona sati biyu zuwa uku kafin fure. Amma wanda ya yi wannan wahalar in farashi ɗaya za a saya da wanda bai yi ba, baɗi ba zai sake ba.
Sai abin da ke hana ni barci, kayan da aka ƙi a waje ina suke zuwa? ba a cika ƙona su ba, kasuwar cikin gida suke komawa. Kenya a 2004 mutum 317 suka kamu da gubar aflatoksin 125 suka rasu, kuma ba masarar fitarwa ba ce, wadda mutane suka noma suka ajiye da laima suke ci a gidajensu ce. Gwamnatin da ke gwada abin da baƙo zai ci ta bar abin da 'ya'yanta ke ci rabin aiki ta yi.

Mai Sikeli:
Innalillahi. Wannan na Kenya ban taɓa ji ba

Alhaji Dillali:
Allah ya jiƙansu. Ni dai ga inda na tsaya, in hukuma ɗaya ce, kuɗinta a rubuce, kwanakinta a rubuce, in ta wuce wa'adi ita za ta biya kuɗin ajiyar kwantena, zan sa hannu gobe. Amma hukuma huɗu kowacce da fom ɗinta kowacce ta ɗebi samfur ɗinta a kaya ɗaya, ƙarshe mai saye yace shi duk bai yarda da lab ɗinku ba sai an aika Turai an sake gwadawa, wannan ba kula da inganci ba ne haraji ne da wani suna.

Ɗan Kiliyarin:
A nan kam ba ni da ja Alhaji. Lab in ba shi da shaidar ISO 17025, wato shaidar ƙwarewar lab da duniya ta yarda da ita, takardarsa ba ta wuce bakin ruwa, kuma riƙe shaidar kuɗi ne duk shekara, ga wuta ga sinadarai ga gyaran na'ura. Sai dai batun hukuma ta biya kuɗin ajiya, ka taɓa jin inda aka yi haka?

Alhaji Dillali:
Ban ji ba, shi ya sa nace a fara

Baba Manomi:
Anti na'urar auna laimar nan ta hannu, in ƙungiya ta haɗa kuɗi ta saya, dillali dole ne ya yarda da abin da ta nuna ko shi ma zai zo da tasa?

Anti Mai Gwaji:
Zai zo da tasa Baba, kuma za ku iya samun bambancin kashi ɗaya ko fiye a buhu ɗaya in ba a saita su ba. Sai an sami wanda ku biyun kuka yarda da shi ya saita na'urorin ya manna musu shaida da kwanan wata. Ku fara tambayar ofishin awo da ma'auni na inda kuke ko suna yi, in ba sa yi ku dawo nan mu ga wane lab ne zai karɓa.